Miya a Injamena

Ranar da na sauka, mai babur ya ce, "Miya."
Na ce a raina, garin nan da karamci yake,
baƙo bai ko zauna ba ana masa tayin miya.
Ashe ɗari yake nufi.
Ɗarin ma ta riyal ce,
kowace ɗaya tana goye da biyar a bayanta.
Na biya kuɗin hanya, na biya kuɗin rashin sani,
na shiga gari da jaka ɗaya da akwatin sufana.

Damina huɗu ke nan.

Sanyi nake gyarawa
a garin da rana ke saukowa ta zauna cikin mutane.
Rumfata tana bayan kasuwar Dembe,
firiji bakwai a jere, baki buɗe,
kamar masu jiran likita.
Nakan kara kunne a bayansu in ji inda numfashi ya tsaya.
In iskar ce ta tsere,
in bi sawunta da kumfar sabulu.

Yarona Jimasra ɗan kudu ne.
Hausarsa "kawo" da "bari",
Faransancina bai kai nan ba.
Mukan haɗu a Larabcin kasuwa, mai ɗingishi,
in ya gaji a hanya
hannu ya ƙarasa zancen.

Kalma ɗaya ce har yau ban yafe mata ba: mafi.
A gida mafi na gaba ne, mafi kyau, mafi girma.
A nan mafi babu ce.
Wuta mafi. Canji mafi.
Mai firiji ya yi tafiya, kuɗinka mafi,
ka dawo ambakir,
wata irin gobe da ba ta sauri.

Da azahar Ashta kan kawo kwano.
Tuwon gero ne, miyar kuɓewa ce,
sun dai sa mata gyaɗa sun sauya mata suna.
Ba na yi mata dariya.
Ni ma a Azare Ɗanjuma nake,
a nan Usta Nijeriya,
na ɗauki ƙasa guda a ka, ba gammo.

Ɗan sandan shatale-tale ya san fuskata,
ya san takardata,
duk da haka sai ya juya ta gaba da baya
kamar mai duba ƙwai a rana.
Na gyara masa firijin uwarsa bara.
Yanzu yakan juya ta sau ɗaya.

Ƙarshen wata in kai sefa wurin mai canji.
In ta zama naira sai ta kumbura kamar ƙullin fanke,
a waya ka ce na yi arziki.
Kwana tara Hansatu ta kira:
buhun masara ya hau, kuɗin makaranta ya hau,
kuma haƙorin Sagiru ya fita,
yana yawo da hannu a baki kada ƙadangare ya gani.
Na ce a ba shi.
Ya yi shiru, ya yi numfashi,
ya ce, "Baba, can ma akwai ƙadangare?"
Katin ya ƙare kafin in ce akwai.

Da dare mukan fito da tabarmi tsakar gida,
mu tara: ɗan Moundou, 'yan Abeshe biyu, wani Bakotoke mai kifi,
kowa yana munshari da harshen garinsu.
Iska daga Shari takan zo a makare, in ta ga dama.
Ni mai gyaran sanyi, randa ce tawa,
na rufe ta da faifai, na naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu.

Wajen ƙarfe biyu aka kawo wuta.
Ta katanga na ji firijin maƙwabta ya yi tari,
ya tsaya,
sannan ya kama guri a hankali.
Aikina ne, na san muryarsa.
Na kwanta ina saurare.
Ba su gama biyana ba, saura miya uku.